Kwana Goma Sha Tara

Ba dusar da muka saba kwashewa da shebur ba ce.
Ruwa ne ya sauko ran Litinin, yayyafi mai ladabi,
duk abin da ya taɓa sai ya daskare a kansa.
Kafin Laraba igiyar shanya ta yi kaurin damtsena,
kowane reshe ya sa rigar gilashi.
Na ce da Aurèle, zo ka ga kyau.
Ya ce, kyan ɗan maciji ne, Ghislaine, rufe ƙofar.

Da dare muka ji daji yana karyewa.
Ƙas! Can kuma, ƙas!
kamar mafarauta sun yi wa gonar ƙawanya.
Itatuwan da kakana ya fara tatsa don ruwan zaƙi
suka riƙa sauke kawunansu ɗaya bayan ɗaya.
Agogon kicin ya tsaya a tara saura kwata.
Firiji ya yi shiru.
Ban san yana da murya ba sai da ya rasa ta.

Shanu arba'in da biyu ba ruwansu da an ɗauke wuta.
Hantsa ta cika, kuka tun asuba,
injin tatsa kuwa ya koma ƙarfe kawai.
Na durƙusa da bokiti kamar yadda uwata ta yi,
yatsuna suna tuna abin da ni na manta.
Tankar madara ta kasa hawo hanyarmu,
sai muka zubar a bayan garke,
fari a kan fari,
Aurèle yana kallon wani wajen.

Janareta ɗaya, gonaki shida.
Réjean Thibodeau ke jan ta da tarakta,
awa biyu a nan, awa biyu a gaba,
gemunsa duk ƙanƙara, idonsa ja kamar gauta.
Shekara bakwai ba ma ga maciji da shi
a kan wani shinge da bai kai taku goma ba.
Na miƙa masa kofin shayi, ya karɓa da hannu biyu.
Shingen ma yana kwance a ƙarƙashin ƙanƙara.

Kwana na shida muka je duba Madam Odile.
Mun tarar ta kunna gawayi a ɗaki, tagogi a rufe,
tana cewa barci kawai take ji.
A kan ƙyauren ƙofa muka jawo ta, bisa santsi,
ita da kyanwarta da carbinta.
Muka zama mu tara a gindin murhun itace,
katifu a ƙasa, safa a rataye,
muna narka ƙanƙara a tukunya don mu sha,
muna cinye naman firiza kafin ya riga mu lalacewa.
Rediyo mai batir yana lissafa garuruwan Kebek da aka mayar wa wuta.
Kullum sunanmu ba ya ciki.

Na yi kuka sau ɗaya, ba don shanu ba.
Bututun bayi ne ya fashe,
ruwa ya daskare a kan hoton aurenmu.

Ran sha tara, wasu samari daga Manitoba
suka hau sabon turke da yatsu a tsattsage.
Muna cin miyar wake, kwan fitila ya buɗe ido.
Muka ga junanmu sosai:
toka a goshi, gashi a cukurkuɗe, baƙin hayaƙi a silin.
Madam Odile ta ce, kashe, kashe, na fi kyau a kyandir.

Da safe na shiga dajin da zarto.
A jikin wani kututture da ya rasa rabin kansa
na ga ƙusar da kakana ke rataya bokiti.
Na bar ta a wurin.
Watan Maris zai gaya mana ko akwai sauran zaƙi a ciki.